Jan nan na cikin hoton ƙwaƙwalwar ɓera ba ƙuna ba ce

Ranar asabar ɗin da ta wuce aka ja ni wani taron wayar da kai kan shaye-shaye a wata sakandare nan cikin birnin Katsina, ba sai na faɗi sunanta ba don ba ita ce matsalar ba. Ni dai malamin bayoloji ne, an ce in zo in cika kujera, na zo. An yi addu'a, an yi jawabin maraba mai tsawo kamar kullum, sai babban baƙo ya miƙe ya kunna majigi ya haska hotuna biyu a jikin bango. Na hagu toka-toka ne, na dama kuma ga wasu dabbare-dabbaren ja da ruwan ɗorawa a tsakiya.

Ya ce ma yara, "Kun ga wannan? Ƙwaƙwalwar ɗan ƙwaya ce. Jan nan da kuke gani wurin da ya ƙone ne, ƙwaya ta cinye shi, kuma in ya ƙone ya ƙone kenan har abada."

Zauren ya yi tsit, wasu 'yan mata har da salati. Ni kuwa gumi ne ya karyo mani, don ina kallon hoton na san ba ƙwaƙwalwar mutum ba ce. Ta mutum lanƙwashe-lanƙwashe gare ta kamar an cukuikuye zane, wannan kuwa sumul take, doguwa, ta ɓera ce. Ƙasan hoton ma ga shi an rubuta da Turanci ƙanana cewa ɓera ne aka yi ma allurar koken, wato hodar iblis. Jan kuma ba ƙuna yake nunawa ba, jini yake nunawa. Ban yi magana a wurin ba, don ba a tsinka dattijo gaban yara, amma tun ranar abin ke cina.

Matsayata a fili take. A daina tsorata yara da hoton da mu kanmu ba mu san abin da yake faɗa ba. Binciken da ake yi da ɓeraye da birai kan ƙwayoyi masu zaburar da ƙwaƙwalwa aiki ne na gaske mai daraja, amma ba abin da muke jingina mashi yake cewa ba, kuma gaskiyar da ke cikinsa ta fi ƙaryar da muke ƙara mashi amfani ga yaranmu nesa ba kusa ba.

Me na'urar take gani ne wai

Na'urar MRI dai maganaɗisu ce ƙatuwa da ake tura mutum cikinta. Ta asibiti ƙarfinta yawanci tesla 1.5 ne ko 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), ta ɓeraye kuwa ramin ƙarami ne amma ƙarfin ya kan kai 7 ko 9.4 ko fiye, saboda ƙwaƙwalwar ɓera gaba ɗayanta kusan giram 2 ce, tamu kuwa ta kusa kilo ɗaya da rabi. Wadda ake kira fMRI kuma ita ce ake cewa tana nuna ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. To a nan ne ruɗun yake, don ba tunani take gani ba, ba ta ma jin motsin jijiyoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Tun 1936 Linus Pauling da abokin aikinsa suka gano cewa jinin da ya sauke iskar oksijin ɗinsa maganaɗisu na ɗan jan sa, wanda ke ɗauke da iskarsa kuwa ba ya jan sa. A 1990 wani ɗan Japan mai suna Seiji Ogawa da ke aiki a Amurka ya sa ɓeraye cikin na'ura, yana canza masu iskar da suke shaƙa, sai ya ga jijiyoyin jini na fitowa baƙi-baƙi a hoto in oksijin ya yi ƙasa, su dushe in ya yi sama. Daga nan abin ya samo asali. Ku lura, da ɓera aka fara tun ranar farko, sai wajen 1992 aka gwada ga mutum.

Bari in kawo shi gida. Ka ɗauka kana zaune saman bene a Ƙofar Marusa, ba ka jin abin da ake yi cikin gidajen unguwa, abin da kake iya gani kawai shi ne 'yan garuwa da kurarsu. In ka ga yau kura biyar ta nufi gida ɗaya wanda kullum jarka huɗu yake saye, za ka ce lallai akwai hidima a gidan nan, ko suna ko biki ko gini. Ba ka ga amarya ba, ba ka ji guɗa ba, ruwa ka gani ka yi lissafi. Haka na'urar take. In wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini na tururuwa can, kuma abin da ke zuwa ya fi abin da ake buƙata, kamar an nemi jarka biyu aka kawo kura guda. Wannan rarar jinin mai iska ita ke sa siginar da na'urar ke ɗauka ta ɗaga. Ɗagawar ma 'yar kaɗan ce, sau da yawa ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, kuma a makare take zuwa, sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 da jijiyoyin suka yi aikinsu take kai ƙololuwa.

Launin kuwa fenti ne. Kwamfuta ce ke lissafi ta ce wurin nan canjin ya kai a kula da shi, sai mai binciken ya zaɓa mashi launi, da ya ga dama kore zai sa. In lissafin ya yi sako-sako kuma sai ka ga ja a inda babu komai. A 2009 wani mai bincike a Amurka, Craig Bennett, ya nuna haka da gangan, ya sa mataccen kifi cikin na'ura, ya nuna mashi hotunan mutane, ya yi lissafin ba tare da gyaran da ya kamata ba, sai ga ɗigo ya haska a kan kifin. Kifin da aka sayo a kasuwa fa, matacce.

Inda ƙwaya ke dagula lissafin

Yanzu ka ɗauka wani ya je ya toshe lungun da 'yan garuwa ke bi, ko kuma ruwa ya yi araha kowa na saye. Yawan kurar da kake gani zai canza alhali babu wani biki da aka ƙara ko aka fasa. To ƙwayoyin zaburarwa haka suke yi, suna taɓa masu hidimar cikin gida kuma suna taɓa lungun da 'yan garuwan kansu a lokaci guda.

Misali mafi sauƙi yana cikin aljihun kawuna, goro. Abin da ke wartsakar da mai cin goro shi ne kafeyin, wanda ke cikin shayi da kofi da lemukan gwangwanin nan na ƙara kuzari da samari ke kwankwaɗa. A jiki akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa in mutum ya daɗe bai yi barci ba, shi ke kawo gyangyaɗi, kuma shi ɗin dai yana buɗa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Kafeyin na zuwa ya tare mashi wuri. Sai barci ya gudu, amma jijiyoyin jinin su tsuke. An auna ga mutane an ga cewa kafeyin kamar na kofi biyu na rage jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kawu ya ci goro idonsa ya buɗe tarwai yana ba da labarin zamanin Sarki Usman Nagogo ba ya tuntuɓe, amma in ka bi ta jini kawai sai ka ce ƙwaƙwalwarsa ta yi sanyi. Shi ya sa masu wannan bincike ke tambayar mutum ko ya sha kofi kafin su tura shi ciki.

Koken da amfetamin kuwa sun fi haka rikici. Suna ɗaga hawan jini, suna sa zuciya gudu, koken na tsuke jijiyoyin jini, numfashi ma na canzawa, kuma duk waɗannan na iya motsa siginar ko da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba su yi komai ba. Masu binciken sun san da haka, ba wawaye ba ne. Wata dabarar da suka yi ita ce su ba ɓera wani nau'in koken da aka gyara ta yadda ba ya iya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, yana tsayawa cikin jini ya ɗaga bugu kawai, don su ware abin da hawan jini ya jawo daga abin da ƙwayar ta yi a can ciki.

Sai matsalar barci. Ɓera ba zai kwanta shiru cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa don ka roƙe shi ba, motsi kaɗan kuma ya ɓata hoton. Don haka a mafi yawan gwaje-gwajen sai an sa shi barci da magani. Maganin barcin shi ma da nasa halin, wanda ake kira aisofuloren misali buɗa jijiyoyin jini yake yi, wani kuma tsuke su yake. Kenan hoton da aka haska ma yaranmu zai iya zama na dabbar da ke cikin maye biyu, ɗaya na danne ta ɗaya na zaburar da ita. Akwai masu horar da ɓera na kwanaki har ya saba da ƙarar a ɗauke shi ido biyu, amma nan ma tsoro da takura na shiga lissafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne na birai. In aka ba ɓera koken, a sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da motsi da jin daɗi jini ƙaruwa yake yi, an ga haka tun wajen 2000. Amma a 2011 masu bincike a Boston suka yi gwajin da birai, birai na farke suna ba kansu koken ɗin cikin na'ura, sai jinin wannan sashen ya ragu. Ƙwaya ɗaya, sashe ɗaya, ɓera ja biri shuɗi. Bayanin da suka bayar shi ne dofamin, sinadarin da koken ke sa ya taru, ba ƙofa ɗaya yake shiga ba. Akwai ƙofar da ake kira D1, in ya bi ta nan siginar sama take yi, akwai D2, in ya bi ta nan ƙasa take yi. Ɓera D1 ta rinjaya gare shi, biri kuwa ƙofofin sun fi kusa da daidaita. Kamar baƙo ne, wanda ya shigo ta Ƙofar Ƙaura da wanda ya shigo ta Ƙofar Guga duk Katsina suka shigo amma ba abu ɗaya suka fara gani ba. Mu kuma a wannan fannin biri muka fi kusa da shi.

To dan Allah da hoton birin aka haska ranar, me babban baƙo zai ce ma yara? Ƙwaƙwalwa ta daskare?

"Ai ƙarya ce mai amfani, in dai za su ji tsoro"

Wannan ita ce amsar da wani abokin aikina ya ba ni da muka tsaya wurin mai shayi bayan taron. Ya ce Malam kai ka cika ƙa'ida, yara na lalacewa kana maganar ɓera da biri, in hoton zai hana yaro ɗaya taɓa ƙwaya ai ya biya. Na fahimce shi, wallahi na fahimce shi, don shi ma ya ga abin da na gani a unguwanni. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya yi tare da gwamnati, wanda ake kira rahoton 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Wanda ya san wannan dole hankalinsa ya tashi.

Amma yaran yanzu waya ce a hannunsu. Cikin ɗari biyun da ke zauren nan ko biyar suka ɗauki hoton suka bincika a intanet, kafin magariba sun san ɓera ne, kafin isha'i duk ajinsu ya sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma yaro in ya kama babba da ƙarya ɗaya ba ita kaɗai yake zubarwa ba, duk jawabin yake haɗawa ya watsar, har da gaskiyar da ke ciki. Gobe in likita na gaske ya ce mashi ais, wato ƙwayar nan methamfetamin, na kawo shanyewar ɓarin jiki ga ɗan shekara ashirin da biyar, sai ya ce su ma irin na mai majigi ne.

Sannan yaron yana da maƙwabci ɗan ƙwaya da yake gani kullum yana tuƙa Keke Napep, yana lissafin canji daidai, yana hira. An ce mashi ƙwaƙwalwar wannan ta ƙone ƙurmus, idonsa kuma na nuna mashi akasin haka. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi ba ni haushi. Jawabin ranar kusan duk kan kodin da tiramol ne, hoton kuma na koken. Waɗannan ba dangi ɗaya ba ne. Kodin da tiramol 'yan gidan su mofin ne, maganin kashe zafin ciwo, danne jiki suke yi, babban haɗarinsu numfashi ya tsaya, tiramol kuma ga farfaɗiya in an zarce, duk da cewa masu aikin ƙarfi na shan sa da sunan ƙarin kuzari. Koken da amfetamin da ais su ne masu zaburarwa. A rahoton nan na 2018 masu shan dangin su tiramol sun kai miliyan 4.6, masu shan maganin tari mai kodin miliyan 2.4, masu koken kuwa ba su kai dubu 100 ba. Shekarar ce ma a watan Mayu gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kenan ciwon da ya fi damun mu daban, hoton da muka ari daban. Yaron da abokinsa ya sha kodin ya kwanta yana munshari mai nauyi yana buƙatar ya san cewa wannan ba barci ba ne, a ruga da shi asibiti. Wannan ilimin na ceton rai, kuma ba a faɗe shi ranar ba.

"To ashe binciken ma shirme ne, Turawa na ɓarnar kuɗi kan ɓera"

Wannan kuma daga ɗayan ɓangaren take zuwa, daga samarin majalisa da ke son a ce masu babu komai. A'a, ban ce haka ba, kar a ɗora mani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A 1997 wasu masu bincike a Boston suka ba ɓeraye amfetamin cikin na'ura, suka ga sigina ta ɗaga a sassan da dofamin ya fi yawa. Ba su tsaya nan suka buga ganga ba. Sun auna dofamin ɗin kansa ta wani siririn bututu da ake sa wa cikin ƙwaƙwalwa, suka ga hawansa da saukarsa na tafiya tare da siginar. Sannan suka ɗauki ɓerayen da aka lalata ma jijiyoyin dofamin na ɓari ɗaya kawai, aka ba su ƙwayar, ɓarin mai lafiya ya haska, ɓarin da aka lalata kuwa bai amsa kamar ɗan'uwansa ba. Jini ɗaya ke zagaya ɓarin biyu, zuciya ɗaya ke bugawa, da hawan jini ne kawai da duka biyun sun haska daidai. Wannan shi ake kira hujja. Kuma irin wannan gwajin ba za ka taɓa yin sa ga ɗan Adam ba, shi ya sa ake buƙatar ɓeran.

A 2001 kuma a Jamus, Nikos Logothetis ya sa ma birai siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa yana sauraron jijiyoyin kai tsaye a daidai lokacin da na'ura ke ɗaukar hoto. Ya tabbatar siginar na bin aikin jijiyoyi da gaske, sai dai ta fi bin saƙonnin da ke shigowa wurin da cuɗanyar da ake yi a nan, fiye da saƙon da ke fita. Wato mai kallon 'yan garuwa ba ƙarya yake ba, akwai hidima a gidan, amma bai san ko suna ake ko zaman makoki ba.

Wanda nake so duk mai mulki a jihar nan ya ji shi ne na 2002, a jami'ar Wake Forest ta Amurka. Wannan da wata na'urar aka yi, PET, wadda ke iya ƙirga ƙofofin dofamin ɗin kansu. Birai 20 aka ajiye kowa shi kaɗai, aka auna su, babu wani bambancin kirki. Sai aka haɗa su huɗu-huɗu, kamar yadda birai suke nan da nan aka sami shugaba da na ƙasa. Bayan 'yan watanni aka sake aunawa, waɗanda suka zama manya ƙofofin D2 ɗinsu sun ƙaru, na ƙasan kuwa suna nan yadda suke. Da aka ba su damar ɗaukar koken da kansu, na ƙasan da ake tsangwama su suka fi rungumar sa. Biri ba mutum ba ne, na sani, kuma ba zan ce wannan ya bayyana komai ba. Amma duk wanda ya ga matashin da ya gama digiri shekara biyar yana zaune bakin titi, a gida ana mashi gori a waje ana mashi kallon banza, ko yaron da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ya zo birni ba gona ba makaranta, ya san binciken nan ba tatsuniya yake ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai maganar "har abada". A 2001 Nora Volkow, wadda daga baya ta shugabanci cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, ta auna masu shan ais da na'urar PET. Gaskiya ne ƙwayar ta rage masu abubuwan da ke kwashe dofamin a ƙwaƙwalwa sosai. Amma waɗanda suka daina aka sake auna su bayan fiye da shekara guda, an ga abin ya farfaɗo da yawa. Ba duka ya dawo ba, gwajin tuna abu da saurin hannu bai gyaru daidai da yadda hoton ya gyaru ba, kuma mutanen da aka sake aunawa kaɗan ne. Ɓarna akwai ta, mai tsanani ma, amma ƙofa ba a rufe take ba.

Biyu a gurguje

Wani zai ce to tunda goro ma na canza jinin ƙwaƙwalwa ai duk ƙwaya ce, a bar kowa da tasa. Wannan wayon a-ci ne. Koken toshe hanyar kwashe dofamin yake yi ya taru, amfetamin kuwa tunkuɗo shi waje yake yi da ƙarfi, goro ba ya yin ko kusa da haka. Ban taɓa jin wanda ya sayar da keken ɗinkin uwarsa don goro ba. Masu ais kuwa ana ganin su kwana uku ba barci, suna jin muryoyi, suna zargin kowa.

Wani kuma zai ce zaluntar dabba ne. Wannan ban raina shi ba, mu da aka gaya mamu wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Tun 1959 masana a Ingila suka shimfiɗa ƙa'ida uku, a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawansu, a sassauta masu wahala. Ɗaya daga amfanin na'urar ma shi ne ana iya bin ɓera ɗaya wata da watanni ana ɗaukar hotonsa, maimakon a riƙa yanka wasu kowane sati don a duba. Duk da haka ɓeran ya sha wuya, kuma in har ya sha ta don a san gaskiya, ɗaukar hotonsa a yi ƙarya da shi cin amana ne sau biyu.

Na san akwai mai cewa mu da samun MRI na ciwon baya ma sai an yi tafiya an tara kuɗi, ina ruwanmu da na ɓeraye. Ruwanmu shi ne hotunan sun riga sun iso, suna yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, ana wa'azi da su ana taro da su. Muna da masu koyar da ilimin jiki da harhaɗa magunguna a jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da asibitin koyarwa na tarayya da ke nan cikin gari, mai shirya taro bai fi ya tura ma ɗayansu hoton a waya ya ce Dakta duba mani wannan kafin in haska ba. Minti biyar ne.

Ranar litinin bayan na gama darasi wani yaro ɗan aji biyar ya tsaya har kowa ya fita. Ya ce, "Malam, dan Allah maganar ranar asabar. Yayana wata takwas kenan da dainawa, har ya yi ƙiba. Na je gida na ba Baba labarin hoton, shi ne Baba ya ce to maida shi Poli asarar kuɗi ce tunda kan ya riga ya ƙone."

Na ce mashi ya jawo kujera. Na zana mashi bene da lungu da kurar 'yan garuwa a allo, na ba shi labarin biri da ɓera da mataccen kifi, har ya yi dariya. Da muka gama ya ce shi ya gane, amma Baba ba zai ji daga bakinsa ba, ko zan iya zuwa gidan in yi mashi bayani da kaina. Na ce to, juma'a bayan la'asar, ya gaya ma Baba ina tafe, ni zan riƙo goron.